Agogon Kanta a Kasuwa: Shin Shiru Ma Ƙarya Ne?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, wadda nake son in gabatar wa mai karatu domin mu yi nazarinta tare. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya kasa hajarsa, ya san tana da wani aibi wanda ido ba ya gani, mai saye kuma bai tambaya ba, shin wajibi ne a kansa ya faɗa, ko kuwa yana iya jan bakinsa ya yi shiru, tun da dai bai furta ƙarya ba? Wannan tambaya na fara karo da ita ne a falon wata tsohuwa Baturiya, a wani ƙaramin gari na ƙasar Ingila, a gaban wani tsohon agogo da ta yi niyyar sayarwa.

Wasu shekaru da suka shige na yi zaman 'yan watanni a gidan wannan tsohuwa, ina haya a ɗaki guda na saman bene. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu kowa ya kama gabansa, ba abin da ya rage mata sai gidan da ɗan fanshon da take karɓa. Rufin gidan ya tsufa har ɗakuna biyu suna yoyo, ga hunturu ya ƙarato, magina kuma sun yanka mata kuɗin da ya fi ƙarfinta. Da ta duba ta ga ba ta da wata kadara ta a zo a gani sai agogon nan da ta gada daga mijinta, shi ma ya gada daga kakanninsa, sai ta ƙudura sayar da shi. Kafin in kawo abin da ya biyo baya, ya kamata in bayyana wa mai karatu irin agogon, domin wanda bai san hajar ba ba zai gane nauyin tambayar ba.

Agogon da Tarihinsa

Irin wannan agogo Turawan Ingila suna kiransa ne da sunan 'yar kantar nan da ake kafewa a jikin bango a ɗora shi a kai, saboda haka ni ma zan kira shi agogon kanta, ko da yake akasarinsu a kan tebur ko a saman murhun ɗumama ɗaki aka fi ajiye su. Akwati ne na katako wanda tsawonsa bai cika wuce kamu guda ba, da ƙofar gilashi gaba da baya, da mariƙin tagulla a bisa kansa.

Asalinsa yana komawa ne ga shekarar 1656, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya tsara yadda ƙarfe mai lilo zai riƙa daidaita tafiyar agogo. Kafin wannan lokaci agogo yakan yi gaba ko baya da kimanin rubu'in awa a yini, har ma da yawansu hannu ɗaya gare su, na awa kawai, don ba a ga amfanin nuna minti ba. Shigowar lilo ta rage wannan kuskure ƙwarai da gaske. A 1658 wani maƙerin agogo na birnin Landan, Ahasuerus Fromanteel, ya yi shelar cewa ya fara ƙera agogai masu lilo, kuma ba a daɗe ba Landan ta zama cibiyar wannan sana'a, ta riƙe matsayin fiye da shekara 100.

Agogon kanta ya bambanta da dogon agogon nan mai tsayuwa a ƙasa, wanda nauyin dalmar da aka rataya a cikinsa ke tafiyar da shi. Shi na kanta naɗaɗɗen ƙarfe ne yake ba shi ƙarfi, wato sifirin, wanda ake wanawa da makulli sau ɗaya a mako, ya yi kwana 8 yana aiki. Da yake sifirin yana da ƙarfi sa'ad da aka wana shi, yana kuma yin sanyi sa'ad da ya kusa warwarewa, sai maƙera suka haɗa shi da wani dunƙulen tagulla mai siffar mazurari, wanda aka naɗe da tsirkiya ko siririyar sarƙa. Idan sifirin yana da cikakken ƙarfi sai ya ja ta wajen tsinin mazurarin, idan ya raunana ya ja ta wajen gindinsa mai faɗi, ta haka ƙarfin da ke isa ga fayafayan nan masu haƙora yakan zama daidai tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Sa'an nan akwai wani ɗan sashe da ke riƙe fayafayan yana sakinsu haƙori ɗaya-ɗaya, shi ne mai yin ƙarar nan ta ƙas-ƙas. Bari mu kira shi linzamin agogo, mai karatu kuma ya riƙe sunan don za mu komo kansa.

A wancan zamani agogo kayan masu hali ne, ba kowane gida ke iya mallakar biyu ba, shi ya sa aka yi masa mariƙi, a sauko da shi falo da rana, a hau da shi ɗakin barci da dare. Da yawansu suna da 'yar igiya a gefe, wadda in mutum ya farka cikin duhu ya ja ta, sai ƙararrawa ta buga masa awa da rubu'in da ake ciki, domin kunna fitila aiki ne babba kafin ashana ta shigo kasuwa wajen 1827.

Abin da ya fi shafar zancenmu dai shi ne sunan da ake zanawa a fuskar agogon, da kuma a farantin tagullar da ke bayan injinsa. Tun 1631 maƙeran agogo na Landan suke da ƙungiyarsu ta sana'a wadda sarki ya ba izini. Yaro yakan yi shekara 7 yana koyo a ƙarƙashin ubangida kafin a yarda ya tsaya da ƙafarsa, ƙungiyar kuma tana da ikon shiga shaguna ta bincika, ta lalata aikin da ta samu na ha'inci. Mafi shahara a cikinsu shi ne Thomas Tompion, wanda aka haifa a 1639 ya rasu a 1713, aka binne shi a majami'ar Westminster inda aka binne sarakuna da manyan ƙasa. Akwai wani agogo da ya ƙera wa Sarki William na III wajen 1689, wanda in an wana shi sau ɗaya sai ya shekara yana aiki, yana nan a Gidan Tarihi na Birtaniya. To, amma ko Tompion ɗin ba shi kaɗai yake yin aikin da hannunsa ba. Shago gare shi mai ma'aikata da yawa, kuma a al'adar sana'ar kafinta daban ke yin akwati, mai zane daban ke yi wa tagulla ado, mai sifirin ma daban. Ashe ke nan sunan da ke fuskar agogo lamuni ne. Ma'anarsa ita ce: ni wane na tsaya wa wannan aiki, in ya ɓaci a neme ni.

Abin da Mai Gyara ya Gani

Agogon tsohuwar sunan wani maƙerin Landan ne na ƙarshen ƙarni na 18 a fuskarsa, akwatinsa kuma na jan katako ne dangin maɗaci. Labarin da ake bayarwa a gidan mijinta shi ne, kakan kakansu ne ya saye shi sabo daga hannun maƙerin, kuma tun daga ranar bai taɓa fita daga zuriyar ba. Da wannan labari ta yi tallarsa. Aka kuwa samu wani saurayi mai abin hannu, wanda bai daɗe da fara sha'awar tara kayan da ba, ya zo ya gani, ya yaba, ya taya da daraja, suka ajiye magana a kan zai dawo da kuɗi bayan mako biyu. Don ta miƙa masa shi cikin kyakkyawan hali, sai ta kira wani dattijo mai gyaran agogo ya wanke injin ya sa masa mai.

Dattijon ya kwance injin, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya nuna mata abu biyu. Na farko, a jikin farantan tagulla akwai wasu ƙananan huji da aka toshe, alamar cewa an taɓa cire linzamin asali an sa wani na sabon samfuri. Wannan, in ji shi, ba baƙon abu ba ne, domin a ƙarni na 19 an yi wa ɗimbin agogan kanta haka don su ƙara kiyaye lokaci. Na biyun shi ne mai nauyi. A katakon da injin yake zaune a kai akwai hujin ƙusoshi waɗanda ba su dace da wannan inji ba, an kuma ɗan fafe cikin akwatin don ya shiga. Wato inji da akwati ba tare suka fito daga shago ba; wani ne a wani zamani ya ɗauko inji marar gida ya haɗa shi da gida marar inji. Dillalan kayan da suna kiran irin wannan haɗi aure, kuma agogon da aka yi wa aure darajarsa a kasuwa takan faɗi ƙwarai.

Da daddare bayan mun ci abinci, ta dube ni ta ce, "Ɗana, yaron nan bai tambaye ni komai game da cikin agogon ba. Ba ni na haɗa shi ba, ba kuma mijina ba ne, har ya mutu bai sani ba. In na yi shiru, na yi ƙarya?" Na ce, "Mama, ba ni kwana biyu in yi tunani." Abin da ke tafe shi ne tunanin da na yi a lokacin, tare da wanda na ƙara daga baya.

Hujjojin Mai Shiru

Kada mai karatu ya yi garajen yanke hukunci, domin masu goyon bayan shiru suna da hujjoji waɗanda ba na yarwa ba ne, kuma gardamar ta girme mu duka. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Cicero, masanin nan na Rum, ya rubuta littafi a kan wajiban ɗan Adam. A ciki ya kawo misalin wani falke da ya ɗauko hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodas ana cikin yunwa, alhali ya san akwai wasu jiragen hatsi a bayansa. Zai gaya wa mutanen garin farashi ya karye, ko zai yi shiru ya sayar da tsada? Ya kuma kawo misalin mai sayar da gida wanda ya san katakon ginin ya ruɓe. Ya nuna cewa malamai biyu, Diogenes ɗan Babila da almajirinsa Antipater, sun saɓa a kan haka. Malamin yana ganin ɓoye abu daban, rashin faɗinsa daban, kuma muddin mai sayarwa ya bi dokar ƙasa bai yi ƙarya ba, ba laifi ya nemi ribarsa. Almajirin kuwa yana ganin bai kamata a bar mai saye cikin duhu game da abin da mai sayarwa ya sani ba. Shi Cicero bayan almajirin ya bi, amma bai raina hujjar malamin ba.

Idan muka ɗauko wannan gardama muka ɗora ta a kan agogon tsohuwar, za mu ga hujja uku da za a iya kafa mata. Ta farko ita ce, kasuwa wurin masu ido ne. An ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka wanda ya zo sayen abin da ya haura shekara 200 ya kamata ya san hannaye da yawa sun taɓa shi, kuma ba wanda ya hana shi zuwa da gwaninsa ya duba masa. Ta biyu ita ce, ba wata cuta da za ta same shi. Agogo yana aiki, yana da kyau, ƙararrawarsa tana bugawa, saurayin zai ajiye shi a falonsa ya ji daɗi, mai yiwuwa har ƙarshen ransa. Ta uku ita ce larura. Ita tsohuwa ce mai rufi yana yoyo, shi kuwa abin da zai biya ba zai hana shi cin abincin dare ba. Wace irin gaskiya ce wannan da za ta ɗebe daga aljihun mabuƙaci ta zuba a na mawadaci?

Me Ake Saye?

A ganina amsar tana cikin wata tambaya ta daban, wato mene ne ainihin abin da saurayin nan zai biya kuɗi a kansa? Idan sanin lokaci ne, ai ba ya buƙatar wannan agogo. Tun daga 1969, sa'ad da kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da batir da ɗan dutsen ƙarau, aka shiga zamanin da agogon 'yan kwabbai ya fi na sarakunan da kiyaye lokaci, balle kuma wayar da ke aljihunsa. Idan tagulla da katako ne, a ɗora su a sikeli a gani, ba za su kai kuɗin makullin da ake wana shi ba a idon mai tara kayan da. Idan kyan gani ne, ana ƙera sababbi masu kama da shi sak, ana sayar da su da araha. Da an cire waɗannan duka, abin da ya saura guda ɗaya ne: labarin cewa wannan inji da wannan akwati tare suka fito daga shagon wane a Landan, suka ratso ƙarni biyu ba su rabu ba. Wannan labari shi ne ya ɗaga farashin, saboda haka labarin shi ne hajar. Wanda ya karɓi kuɗin labari alhali ya san labarin ba haka yake ba, ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba.

Daɗin daɗawa, tsohuwar ta riga ta yi magana. Ranar da ta ba saurayin tarihin agogon ba ta yi ƙarya ba, domin abin da ta sani ke nan ta faɗa. Amma maganar tata tana nan tana aiki a zuciyarsa, ita ce za ta ɗauko shi daga gida ta kawo shi da kuɗi a hannu. Tun daga sa'ar da mai gyara ya nuna mata hujin nan, kowace ranar da ta bari maganar ta zauna yadda take, tamkar ta sake faɗinta ne, wannan karo kuwa da sani. Ko dokar Ingila, wadda ta daɗe a kan cewa mai saye shi zai kula da kansa, ta yarda da wannan gaɓa: wanda ya yi bayani a kan haja, sa'an nan ya gano bayanin ba daidai ba ne kafin a ƙulla ciniki, dole ne ya gyara.

Da wannan za mu iya komawa ga hujjojin nan uku. Karin maganar rariya gaskiya ce, amma hujin rariya a fili suke, don su ma ake sayenta. Hujin agogon nan kuwa an toshe wasu, wasu suna ƙarƙashin inji inda ba mai ganinsu sai wanda ya kwance shi. Ba a cewa mutum ya yarda da abin da aka san bai gani ba.

Batun cewa ba wata cuta ma bai tsaya ba. Agogon kanta yakan fi mai shi tsawon rai. Wata rana saurayin nan, ko ɗansa, ko jikarsa, zai buƙaci kuɗi kamar yadda tsohuwar ta buƙata, zai kira wani mai gyara, a sake kwance injin, a sake ganin hujin. Ranar asarar za ta faɗa masa. Kafin ranar kuma zai yi shekaru yana ba baƙinsa labarin da ba gaskiya ba, an mai da shi maƙaryaci ba da saninsa ba. Wannan shi ne daidai abin da ya sami mijin tsohuwar da iyayensa. Wani ne can baya ya yi wa agogon aure ya yi shiru, ya ci ribarsa ya tafi, shirun nasa ya yi ta tafiya daga hannu zuwa hannu har ya zo ya fashe a kan tsohuwar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Irin wannan asara hannu kawai take sauyawa, kuma duk wanda ya gane ta ya miƙa ta gaba, ya shiga sahun wanda ya fara.

Hujjar larura ita ce ta fi taɓa zuciya, kuma ba zan ce ba ta da nauyi ba. Amma larura tana ba mutum damar neman taimako ne, ba ta ba shi damar ɗaukar taimakon ba da sanin mai shi ba. Da tsohuwar za ta faɗa wa saurayin gaskiya, shi kuma ya ga halin da take ciki ya biya farashin farko, da abin da ya ƙaru ya zama kyauta, shi ya samu ladan alheri, ita ta karɓa da mutuncinta. In kuwa ta ɓoye ta karɓi wannan kuɗi, adadin bai sauya ba, amma sunansa ya sauya.

Shi kansa agogo ya isa misali a nan. Agogon da kowa a gida ya san yana baya da minti 5 ba ya cutar da kowa, domin duk mai dubawa zai ƙara biyar ɗin. Wanda ya tsaya cik ma da sauƙi, don ba mai dogara da shi. Wanda ke sa mutum ya makara shi ne mai tafiya daidai a ido, yana ƙas-ƙas kamar lafiya lau, alhali yana nuna abin da ba shi ba ne. Aibin da aka sani ana iya zama da shi; wanda aka rufe shi ke yin ɓarna.

Gyara Daban, Algus Daban

Mai karatu zai iya cewa, to ashe duk tsohon agogon da aka taɓa gyarawa na bogi ne ke nan? Wannan ma tsohuwar gardama ce. Plutarch, marubucin nan na Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka shiga muhawara a kan ko jirgin nan shi ne na asali ko wani ne daban. Agogon kanta ma haka yake. Tsirkiya takan tsinke, sifirin yakan karye, gilashi yakan fashe, haƙora sukan cinye. Agogon da ya yi ƙarni biyu yana aiki ba a taɓa sauya masa komai ba, da wuya a same shi. Da ba a yi ta gyara su ba, da ba ko ɗaya da ya iso gare mu yana motsi.

Saboda haka gyara ba laifi ba ne, shi ma wani babi ne na tarihin agogon. Mutumin da ya sauya linzami a ƙarni na 19 bai yaudari kowa ba. Mai agogon ne ya nemi a ƙara masa daidaito, aka yi masa a fili. Daga baya, da kasuwa ta fara fifita abin da yake kamar na asali, aka samu masu mayar da linzamin tsohon samfuri a agogan da aka sauya wa. Wannan ma ba laifi in an faɗa, shi ya sa dillalan kirki sukan rubuta a takardar talla cewa an sauya kaza, an mayar da kaza, akwati da inji ba tare suka taso ba. Hatta auren da aka yi wa agogon tsohuwar yana iya yiwuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi, don a ceci inji mai kyau wanda gidansa ya lalace. Aikin bai zama algus ba sai ranar da aka sayar da shi da sunan abin da bai taɓa rabuwa ba. Masana suna iya ci gaba da muhawararsu a kan ko jirgin Theseus shi ne ko ba shi ba ne, amma wanda zai sayar da jirgin ba ya buƙatar jiran su gama. Abin da ke kansa shi ne ya nuna wa mai saye katakon da aka sauya.

Iyakar Wajibin

Ba ina cewa mai sayarwa ya zazzage wa mai saye duk abin da ke cikinsa ba ne. Tsohuwar ba dole ba ne ta faɗa masa cewa rufinta yana yoyo, don wannan sirrinta ne, kuma faɗinsa zai iya sa a taya mata da wulaƙanci. Ba dole ba ne ta faɗi abin da ba ta sani ba, ba kuma dole ba ne ta karyar da agogon ƙasa da abin da ya cancanta, domin inji na ƙwarai ne, akwatin ma tsoho ne na ƙwarai. Abin da ya wajaba a kanta shi ne abin da ya haɗa sharuɗɗa uku: ta san shi, ya shafi ita hajar, kuma da mai saye ya san shi da bai biya wannan farashi ba.

Wannan ma'auni kuma yana aiki ta kowane ɓangare. Da a ce agogon nan na Tompion ne, tsohuwar ba ta sani ba, wani dillali ya shigo ya gane, ya taya mata kuɗin tarkace ya ɗauke, da shi ma ya yi abin da muke zargi, ko da kuwa bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Duk inda ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, kuma wanda bai sani ba ya saki jiki da wanda ya sani, to sanin nan ya zama amana a hannun mai shi.

Kammalawa

Ban kai ga gaya wa tsohuwar ra'ayina ba. Kafin kwana biyun su cika na sauko da safe na tarar ta sa dattijon nan ya rubuta duk abin da ya gani a takarda, ya sa hannu da kwanan wata, ta naɗe takardar ta ajiye a cikin ƙofar bayan agogon. Da saurayin ya dawo ta miƙa masa ya karanta. Ya yi mata godiya ƙwarai, ya ce shi wanda ba a taɓa ba yake nema, ya tafi da kuɗinsa. Bayan 'yan makonni ta kai agogon gidan gwanjo tare da takardar, aka sayar da shi a kan abin da bai kai rabin tayin farko ba. Kuɗin ya isa gyaran rufin ɗaki ɗaya kawai. Ɗayan ɗakin bokiti ta riƙa tarawa a cikinsa har hunturu ya wuce.

Na kawo wannan ƙarshe yadda yake ne don kada mai karatu ya ɗauka gaskiya kullum tana biyan mai ita nan take. Sau da yawa ɗaci gare ta, kuma wanda ya faɗe ta shi ke biyan kuɗinta. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, ƙaryar da ta yi shekaru tana bin wannan agogo daga gida zuwa gida, a hannun tsohuwar nan ta tsaya. Maƙerin farko ya sa sunansa a fuskar agogo don ya nuna ya tsaya wa aikinsa. Ita ma da takardar nan ta tsaya wa nata cinikin. Duk wanda agogon yake hannunsa a yau ya san abin da ya saya, kuma ranar da zai sayar ba zai ji kunyar a kwance injin a gabansa ba. Na tambaye ta ran da zan bar gidan ko ta yi da-na-sani. Ta ce, "Ɗana, na yi kewar ƙarar agogon da dare, amma ina samun barci."